Yadda ake fara atisayen erobiks a gida don rage ƙiba da ƙara ƙarfin jiki

Masu karatu sun yi ta maimaita tambaya iri ɗaya: mutum yana so ya fara erobiks, amma bai san ta inda zai kama ba, bai san minti nawa zai yi ba, kuma yana ganin wasu sun shafe wata biyu suna sharce gumi sikeli bai motsa ba. Erobiks dai shi ne motsa manyan tsokokin ƙafa da hannu a jere, bisa ƙidaya ko kiɗa, har numfashi da bugun zuciya su ƙaru, su kuma zauna a haka na tsawon lokaci. Abin da ya fi ɓata wa masu farawa aiki shi ne ɗaukar abin da zafi tun ranar farko, sai gwiwa ko ƙwauri ya zaunar da su kafin jiki ya saba. An tsara matakan nan ne don babban mutum da ya daɗe bai motsa jiki ba, kuma za su ɗauke shi mako 12.

1. Fara da sanin lafiyarka

Mai cikakkiyar lafiya zai iya fara sassauƙan atisaye kai tsaye. Amma a fara ganin likita idan akwai ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ciwon suga, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon ƙirji ko haki da ɗan ƙaramin aiki, yawan jiri ko suma, juna biyu, ko tiyatar da ba a daɗe da yi ba.

Gargaɗi ga mai hawan jini: auna kafin ka fara. Idan ya kai 180/110 kana zaune, ranar ba ta atisaye ba ce, ta asibiti ce. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga sosai, shi ma ya auna. Idan awon bai kai 100 mg/dL ba, ya ɗan ci wani abu mai sitaci tukuna, ya kuma ajiye alewa ko sukari kusa da shi. Rawar jiki, gumi mai sanyi da rikicewar tunani alamun faɗuwar suga ne, a tsaya nan take. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa inda hannu zai kai.

2. Ɗauki awon farko ka rubuta

Awo uku ake bukata, kuma da safe ake yin su, bayan an kewaya, kafin a ci komai.

Na farko nauyi. Sikeli ɗaya za ka riƙa amfani da shi, a kan daɓe mai tauri, don kafet yana ɓata awo. Na biyu faɗin ciki: nemi tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, zagaya tef ɗin tela a nan, fitar da numfashi yadda ka saba ba tare da tsuke ciki ba, sannan ka karanta. Ma'auni mai sauƙin riƙewa shi ne faɗin ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170 ya nufi ƙasa da 85. Na uku bugun zuciya kana hutawa, wanda a babban mutum yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti.

Ka riƙa maimaita awon sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Hawa sikeli kullum yana karya gwiwa a banza, domin ruwa, gishiri da abin da ke cikin hanji kan sa nauyi ya hau ko ya sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin kwana guda. Mata za su ga ƙari a kwanakin da al'ada ta gabato, kuma ruwa ne, zai tafi.

3. Kaya da wuri

Abu ɗaya ne ya cancanci a kashe masa kuɗi sosai, wato takalmi. Nemi kambas mai tafin roba mai ɗan faɗi, mai riƙe diddige gam, wanda bai cika tudu ba. A erobiks ana yawan taku gefe, kuma takalmin gudu mai dogon tafi yana iya gurɗe idon sawu. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa sawa, ka bar tazarar kamar faɗin babban yatsa tsakanin dogon yatsan ƙafa da bakin takalmin. Idan tafin ya cinye ta gefe ɗaya, ya gama aiki ko da samansa na nan kamar sabo.

Tufafi su zama marasa nauyi, masu barin iska ta shiga. Mata su samu rigar mama ta wasanni mai riƙewa da kyau. Sai gorar ruwa, ƙaramin tawul, agogo mai nuna daƙiƙa, da littafin rubutu. Agogon hannu mai auna bugun zuciya da rajistar gidan motsa jiki duk ƙari ne, aikin yana yiwuwa babu su.

Fili mai mita biyu tsawo da biyu faɗi ya isa, in dai iska na ratsawa. Daɓen katako ko shimfiɗar roba mai kauri sun fi siminti tausasa wa gaɓoɓi. Kada a yi a kan tayil da safa kaɗai, ko a kan shimfiɗar da ke zamewa.

Gargaɗi: rigar leda, ɗamarar matse ciki da rufe tagogi don gumi ya yawaita ba sa narkar da kitse ko kaɗan. Gumi ruwa ne da gishiri. Kilon da ya ragu bayan irin wannan zai dawo da zarar an sha ruwa, kuma hanya ce ta jawo bushewar jiki da zafin da kan kai ga suma.

4. Koyi auna ƙarfin atisayen

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke raba atisayen da zai ɗore da wanda za a watsar.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta magana. Idan kana iya yin magana jimla-jimla amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaicin ƙarfi, kuma a nan ake so mai farawa ya zauna. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Idan kuwa hira kake yi kamar kana zaune, ƙara hanzari.

Hanya ta biyu ta lissafi ce. Cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarka a minti. Matsakaicin ƙarfi yana tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na wannan adadi, mai tsanani kuma daga 70 zuwa 85. Ɗan shekara 40 iyakarsa 180 ce, don haka matsakaicinsa daga 90 zuwa 126, mai tsanani daga 126 zuwa 153. Don ka auna, ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ga ɗan shekara 40 ɗin nan, bugu 23 zuwa 31 ke nan a daƙiƙa 15. Kada a auna da babban yatsa, yana da nasa bugun da ke rikita ƙidaya. Kuma ka ci gaba da taka ƙafa a hankali yayin da kake ƙirgawa.

Gargaɗi: lissafin 220 ƙiyasi ne, mutum biyu masu shekaru ɗaya suna iya bambanta. Masu shan magungunan da ke rage bugun zuciya, irin su atenolol da propranolol, kada su bi shi sam, domin zuciyarsu ba za ta kai adadin ba ko sun wahala. Su riƙe hanyar magana.

5. Taku shida na tushe

Duk takun nan na marar tsalle ne, wato koyaushe ƙafa ɗaya na ƙasa. Ana ƙirga su takwas-takwas, takwas huɗu kuma su ba da zagaye ɗaya na 32. Saurin da ya dace da mai farawa shi ne taku biyu a daƙiƙa, 120 a minti. Wanda ba ya son kiɗa zai iya ƙirgawa da baki, ko ya sa manhajar waya mai buga ƙidaya.

Maci a wuri ɗaya. Ɗaga ƙafa dama da hagu, hannuwa a lanƙwashe suna kai da kawo. Wannan ne gida: duk lokacin da ka rikice ko ka gaji, koma masa maimakon ka tsaya cak.

Taku gefe. Kai ƙafar dama gefe, jawo ta hagu ta taɓa ƙasa kusa da ita, sannan ka mayar ta hagu gefenta, ta dama ta biyo.

Taku buɗe da rufe. Dama gaba a ɗan buɗe, hagu gaba a ɗan buɗe, dama ta dawo baya tsakiya, hagu ta same ta. Ƙidaya huɗu ke nan. Bayan takwas biyu, sauya ƙafar da ke farawa, in ba haka ba cinya ɗaya ce za ta sha aikin.

Ɗaga gwiwa. Kawo gwiwa daidai ƙugu, tafin hannun ɗaya ɓangaren ya taɓa ta. Gwiwar ce ke zuwa wajen hannu. Wanda ya sunkuyo da ƙirji don ya same ta, bayansa ne zai biya.

Diddige baya. Buɗe ƙafafu kaɗan, jingina nauyi kan dama, lanƙwasa hagu diddige ya nufi mazaunai, sannan a sauya.

Saƙa ƙafa. Dama gefe, hagu ta bi ta bayanta, dama gefe kuma, hagu ta taɓa ƙasa, sai a koma ɗaya ɓangaren. Shi ne mafi wuya a cikinsu, a bar shi sai mako na biyu.

Ƙafa ake fara koya, hannu a ƙugu, sai ta zauna sannan a haɗa da hannu. A kowane taku gwiwa ta kasance a ɗan sake, tana kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, kuma diddige ya riƙa sauka ƙasa. Masu yin komai a kan yatsu su ne ke kuka da ciwon sharaɓa da ƙwauri. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: riƙe hannuwa sama da kai na dogon lokaci yana ɗaga bugun zuciya fiye da ainihin aikin da jiki ke yi, sai awo ya nuna kamar jiki na ƙona kuzari da yawa. Ƙarfin atisaye daga ƙafa yake fitowa, ta faɗaɗa taku da ɗaga gwiwa.

6. Yadda zama ɗaya ke tafiya

A bar awa biyu zuwa uku bayan cin abinci mai nauyi. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu tun kafin lokacin, sannan a riƙa kurɓa duk bayan minti 15 ko makamancin haka. Fitsari mai haske alama ce ruwan ya wadatar, mai duhu kuma yana nuna ƙaranci.

Ɗumama jiki, minti 5 zuwa 10: maci a hankali, taku gefe, juya kafaɗu, juya idon sawu, ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har jiki ya yi ɗumi. Kada a ja tsoka a riƙe tun tana sanyi.

Tsakiyar aiki: jera taku huɗu, kowanne ƙidaya takwas, ka maimaita zagayen sau huɗu, sannan ka musanya ɗaya ko biyu da wasu. Auna bugun zuciya bayan minti biyar na farko, da kuma kusa da ƙarshe.

Hucewa, minti 5: rage sauri har numfashi ya dawo daidai. Wannan ba abin wasa ba ne. Lokacin atisaye tsokokin ƙafa ne ke taya tura jini ya koma zuciya, idan aka tsaya kwatsam sai jinin ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebi mutum, wani har ya faɗi.

Miƙa, minti 5: sharaɓa, gaban cinya, bayan cinya, ƙirji da kafaɗa. Riƙe kowace miƙa daƙiƙa 20 zuwa 30, ba girgizawa, ba riƙe numfashi, a tsaya inda ake jin ja amma babu zafi.

Gargaɗi: a dakata nan take, a nemi taimakon gaggawa, idan aka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, hakin da ya ƙi lafawa bayan an huta, bugun zuciya mai tsalle-tsalle, ko gani ya dushe.

7. Jadawalin mako 12

Mintunan da ke ƙasa na tsakiyar aiki ne, ban da ɗumama jiki da hucewa.

Mako na 1 da na 2: kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, minti 10 zuwa 15.
Mako na 3 da na 4: kwana huɗu, minti 20.
Mako na 5 da na 6: kwana huɗu, minti 25 zuwa 30.
Mako na 7 da na 8: kwana biyar, minti 30. A nan an kai minti 150 a mako.
Mako na 9 zuwa na 12: kwana biyar, minti 40, ana ƙara biyar-biyar har 50.

Minti 150 ɗin yana da tushe. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Wannan don lafiya ne gaba ɗaya. Game da rage ƙiba kuwa, matsayar Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta 2009 ita ce minti 150 zuwa 250 ragi kaɗan yake kawowa, ragi mai yawa sai an haura 250. Shi ya sa jadawalin bai tsaya a mako na 8 ba.

Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, kuma ga jerin abin da ake ƙarawa: yawan kwanaki, sannan tsawon lokaci, sannan ƙarfi. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da ƙashi sun fi su jinkiri. Daga nan rauni ke shigowa: mutum ya ji numfashinsa ya yi kyau, ya ɗauka ya shirya tsalle, alhali ƙwaurinsa bai shirya ba. Idan mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Wanda ba shi da minti 30 a haɗe ya raba biyu, safe da yamma, duk ana lissafawa.

Daga mako na 9, a kwana biyu cikin biyar, za a iya saka zafi da sanyi: minti ɗaya mai tsanani, minti biyu matsakaici, sau shida. Mai nauyi sosai, mai ciwon gwiwa, da macen da fitsari ke ɗan zubo mata in ta yi tsalle bayan haihuwa, su samu tsananin ta faɗaɗa taku da hanzari, su bar tsalle. Mai son hawa dakalin atisaye ya fara da tsayin santimita 10. Tafin ƙafa gaba ɗaya ya hau, diddige kada ya rataya a baki, a sauko kusa da dakalin, kuma gwiwa kada ta lanƙwashe fiye da yadda take in mutum na zaune a kujera.

8. Lissafin abinci

Ga inda amsar masu cewa sikeli ya ƙi motsi take. Mai kilo 80 da ya yi minti 30 na erobiks marar tsalle yana ƙona wajen kalori 210 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, jiki kuma ke ƙonawa). Kwana biyar a mako, kalori 1,050 ke nan. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Wato da atisaye kaɗai, kilo ɗaya zai ci wajen mako bakwai. Kuma lemon kwalba mai sukari na rabin lita yana da kusan kalori 210, daidai abin da aka sha wahalar ƙonawa. Wanda ya gama atisaye ya kora da shi, ya mayar da abin da ya fitar.

Don haka a haɗa biyun. A nemi giɓin kalori kamar 500 a rana: wajen 200 daga atisaye, 300 daga abinci. Wannan zai ba da kusan rabin kilo a mako, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya shi ne saurin da ake ɗauka mai aminci. Wurin da ya fi sauƙin cire 300 ɗin shi ne abin sha mai zaƙi, da mai, tunda babban cokali ɗaya na man girki yana da wajen kalori 120. Sai faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abinci mai gina jiki kamar ƙwai, kifi, nama ko wake, sauran kuma mai sitaci.

Gargaɗi: kada a haɗa atisaye da horon yunwa. Jiki zai ci tsoka tare da kitse, kasala ta hana atisayen, daga baya a rama cin da aka bari har da ƙari. Shayin rage ƙiba da ke sa gudawa ko yawan fitsari ruwa yake fitarwa. Barci ma yana cikin lissafi, domin wanda ba ya samun awa bakwai yakan fi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Haka kuma babu atisayen da ke zaɓar kitsen tumbi shi kaɗai. Motsa ciki sau ɗari yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin teɓa ne, kitsen kuma daga ko'ina jiki ke ɗibarsa, bisa halittar kowa. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, ya isa ya gyara hawan jini da suga a jikin mutane da yawa.

9. Ƙara aikin tsoka

Daga mako na 3, sau biyu a mako, bayan tsakiyar aiki: zama da tashi daga kujera ba dafawa, tura bango da hannu biyu jiki a miƙe, da ɗaga ƙugu sama ana kwance rigingine gwiwoyi a lanƙwashe. Kowanne sau 10 zuwa 12, zagaye biyu. Yana kare tsoka yayin da nauyi ke sauka, yana kuma tallafa wa gwiwa. Fitar da numfashi lokacin yunƙuri, musamman mai hawan jini.

10. Idan ciwo ya zo, ko sikeli ya tsaya

Tsamin jiki da ke tasowa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya lafa cikin kwana uku zuwa biyar, ba abin damuwa ba ne, tafiya a hankali ma tana sassauta shi. Ciwon da ake tsoro shi ne mai suka, a cikin gaɓa, a ɓangare ɗaya, ko mai zuwa da kumburi. Zafi a gaban ƙwauri yawanci daga daɓe mai tauri, tsohon takalmi ko saurin ƙara lokaci yake. A huta kwana kaɗan, a sa ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15, a gyara musabbabin, sannan a koma jadawalin mako biyu baya. Idan wuri ɗaya ne a kan ƙashi ke zafi in an danna, ko ba a iya taka ƙafar, sai asibiti. Ranar da ake zazzaɓi ba a atisaye.

Idan nauyi ya tsaya mako uku a jere, duba tef tukuna. Ciki na raguwa, wando na sakewa, to aiki na tafiya. In duka biyun sun tsaya, rubuta duk abin da ka ci da wanda ka sha na kwana bakwai, har da ɗanɗane da ciye-ciyen tsakanin abinci, galibi a nan ɓarakar take. Duba kuma ko tun da ka fara atisaye ka rage zirga-zirgar yini saboda gajiya. Sannan ka tuna jiki mai sauƙi ba ya ƙona abin da mai nauyi ke ƙonawa: minti 30 ɗin da ke cin kalori 210 a kilo 80, wajen 185 zai ci a kilo 70. Sai a ƙara minti goma a zama, ko a mayar da rana ɗaya ta zafi da sanyi.

Wanda tafiya ko rashin lafiya ta katse shi mako ɗaya, ya koma jadawalin makon da ya gabata. Idan hutun ya kai mako biyu zuwa uku, ya fara da rabin mintunan da ya bari, ya cike su cikin mako biyu. In ya haura wata guda, ya koma mako na 3.